Babur Mai Bugu Biyu a Bakin Iyakar Illela

GABATARWA

Duk wanda ya taɓa kwana a Illela daren Lahadi, watau daren da za a wayi gari ana cin kasuwa, ya san cewa ba zakara ne yake tayar da mutanen garin ba, babura ne. Tun kafin a sallame sallar asuba za ka ji su suna kwararowa daga Kalmalo da Araba da Gidan Hamma, wasu kuma daga Ƙonni ta ƙasar Nijar. In mutum ya kasa kunne da kyau zai rarrabe murya iri biyu. Akwai mai kauri, mai fita daki-daki kamar ana daka a turmi. Akwai kuma siririya mai kaifi, kamar an tsokano gidan rina, wadda ba ta wucewa sai ta bar shuɗin hayaƙi da wani irin ƙauri a bayanta. Wannan ta biyu ita ce muryar inji mai bugu biyu, wanda 'yan gareji suka fi sani da mai tu-ti, kuma ita ce take ta raguwa shekara bayan shekara.

Mai yiwuwa ne malamaina da 'yan'uwana ɗalibai su ce me ya haɗa ɗalibin Hausa da injin babur? Amsa ita ce, mun daɗe muna nazarin ƙira da jima da dukanci a matsayin sana'o'in Bahaushe, alhali kuwa kanikanci ya fi shekara hamsin yana ciyar da gidaje a ƙasar Hausa, ya kuma tara kalmomi da dabaru nasa na kansa. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda wannan inji yake aiki, da dalilin da ya sa ya karɓi ƙasa irin ta Illela, da sauye-sauyen da masu shi suke yi masa. Mai karatu zai ga cewa duk inda maganar ta kewaya, wajen mai take komowa.

ƘASAR DA BABUR YA TARAR

Illela tana arewa da birnin Sakkwato da kimanin kilomita 85, a kan hanyar da ta ratsa Kware da Gwadabawa. Tsakaninta da Birnin Ƙonni 'yan kilomita kaɗan ne. Mutanen garuruwan nan biyu harshensu ɗaya, suna auratayya, suna cin kasuwannin juna, ta Illela ran Lahadi, ta Ƙonni ran Laraba. Kwalta guda ce ta haɗa su, amma turaku da burtalai da suka ratsa gonaki ba su ƙidayuwa. Da rani rairayi ne mai cinye ƙafa, da damina kuwa fadamu irin na wajen Tafkin Kalmalo sukan koma taɓo. Mota ba ta son ko ɗaya daga cikin biyun.

Cikin watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya na ƙasa, ba a buɗe su ba sai cikin Maris na 1986. Motocin haya suka tsaya, amma zumunci da ciniki ba su tsaya ba. A wannan tsakani ne sana'ar ɗaukar fasinja a kan babur, wadda a nan ake ce wa kabu-kabu, ta kafu sosai tsakanin Ƙonni da Illela, domin babur yana bin inda jaki yake bi.

YADDA INJIN YAKE AIKI

Kowane injin fetur abu huɗu yake yi: ya shaƙi iska gauraye da fetur, ya matse su, filogi ya ba su wuta su fashe su tura fistin, sa'an nan ya fitar da hayaƙi. Inji mai bugu huɗu, irin wanda Bajamushe Nikolaus Otto ya fito da shi a 1876, yakan ba kowane aiki tafiyarsa ta daban. Fistin zai sauka, ya hau, ya sauka, ya hau, kafin a sami wuta sau ɗaya. Don haka yana bukatar bawul-bawul masu buɗewa da rufewa a kan lokaci, da sarƙar da za ta juya su, da tafkin baƙin mai a ƙasan inji wanda yake kewayawa yana jiƙa ƙarafa.

Shi kuwa mai bugu biyu a hawa ɗaya da sauka ɗaya yake gama dukkan ayyukan nan. Ba shi da bawul a kansa. Kafofi ne aka huda a jikin bangon tukunyar da fistin yake kai da kawowa a cikinta, fistin ɗin da kansa yake toshe su, ya kuma buɗe su. In ya hau sama, yana matse abin da ke kansa, a lokaci guda kuma yana zuƙo sabon fetur da iska zuwa akwatin da ke ƙarƙashinsa. Da wuta ta tashi ya sauko, sai ya fara buɗe kafar hayaƙi, ya kuma danne abin da ya zuƙo ɗazu, ya tura shi ta wata kafa zuwa sama. Sabon da ya shigo shi yake korar sauran hayaƙin da ya rage. Ashe ke nan kowane juyi ɗaya na inji akwai wuta. Shi ya sa ƙaramin inji mai bugu biyu yake da zafin tashi fiye da takwaransa, ga shi ba nauyi, ga kayan cikinsa kaɗan. Bakanike yana iya kwance kansa a gindin bedi da safe, kafin azahar ya ɗaure.

To, amma a nan take, wai an danne bodari ta ka. Tun da akwatin ƙasa ya zama hanyar wucewar fetur, ba shi yiwuwa a ajiye tafkin baƙin mai a cikinsa. Dole man da zai jiƙa fistin da ƙarafan juyawa ya biyo fetur ya shiga, ya yi aikinsa, ya ƙone tare da shi. Wannan shi ne asalin shuɗin hayaƙin nan. Kuma shi ne ya sa babur mai bugu biyu ba ya da ajiya: duk daƙiƙar da mai ya yanke masa, ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Sau da yawa sabon mai babur yakan duba man da ke cikin giya ya ga yana nan cike, ya ɗauka lafiya lau. Wannan mai na giya da kuloci ne kawai, ba ya kai wa ga fistin ko kusa.

Hanya biyu ake ba shi man. Ko dai a gauraya shi da fetur a tanki, ko kuwa a zuba shi a wani ɗan tanki na daban, wani ɗan famfo ya riƙa ɗiga shi gwargwadon yadda aka murɗa totur. Kamfanin Yamaha ya fara sa irin wannan famfo a baburansa a 1964, ya kira shi Autolube, Suzuki ma ya yi nasa. In gaurayawa za a yi, akwai ma'auni. Kashi 1 cikin 50 shi ne mililita 20 na mai a kowace lita ta fetur, kashi 1 cikin 25 kuwa mililita 40. A bakin iyaka ba kasafai ake ganin ma'auni ba, murfin galan ne ko idon mai zubawa.

Aibi na biyu kuma a jikin ƙirar yake. Tun da kafar shiga da ta fita sukan kasance a buɗe tare na ɗan lokaci, wani kaso na sabon fetur yakan bi hayaƙi ya fice bai ƙone ba. A tsofaffin injuna masu kafireta asarar takan kai kashi ɗaya bisa huɗu, wani lokaci ma ta wuce. A riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

IRE-IRENSA

Babura sun yawaita a hannun ma'aikata bayan ƙarin albashin Udoji na 1974, kuma da yawa daga cikin na lokacin masu bugu biyu ne: Vespa ta malaman makaranta da 'yan kasuwa, da Suzuki A100, da Yamaha YB100. A tsallaken iyaka kuwa Mobylette ta Faransa ce ta cika gari. Daga baya, musamman daga ƙarshen shekarun 1990, Jincheng ta ƙasar Sin, wadda aka ƙera bisa tsarin Suzuki AX100, ta zama dokin 'yan kabu-kabu saboda araha.

Duk waɗannan na kan titi ne, tilas ce ta sa su shiga daji. Wanda aka yi musamman domin daji shi ne irin Yamaha DT. Kamfanin ya fitar da na farko, DT-1, a 1968, daga baya aka yi ƙanana irin DT125 da DT175. Akwai kuma Suzuki TS da TF, da Yamaha AG100 wanda aka yi domin manoma da makiyaya. Siffarsu ba ta ɓoyuwa: ƙafar gaba doguwa, mai faɗin inci 21 a irin DT, ta baya 18, taya mai ƙuraje, murfin taɓo can sama nesa da taya, salansa a ɗage don kada ta bugi ƙasa. Nauyinsu kilo ɗari da 'yan kai ne, in ya faɗi mutum ɗaya yana tayar da shi. Galibi ta hannun hukumomi da ƙungiyoyin raya karkara suka shigo, aka ba malaman gona da malaman dabbobi da masu allurar rigakafi. In aiki ya ƙare a yi gwanjonsu, su faɗa hannun dillalan shanu da masu noman rani. A ƙasar Nijar har sunan DT ya zama kamar sunan jinsi, ba na ƙira ɗaya ba.

HAWA CIKIN RAIRAYI

Wanda ya koyi babur a kan kwalta, ranar da ya fara shiga yashi sabon ɗan koyo ne. Da ya ji kan babur yana rawa, abin da zuciya take ba shi shi ne ya saki totur ya damƙe burkin gaba, nan take kuwa ƙafar gaba za ta nutse ta kayar da shi. Gwanaye akasin haka suke yi. Sukan rage iskar taya kaɗan don ta baje, su ja jiki baya don gaba ya yi sauƙi, su sa giya ta biyu ko ta uku su riƙe wuta ba yankewa, su sassauta hannu su bar kan ya nemi hanyarsa. Mai bugu biyu ba shi da ƙarfi in juyinsa ya yi ƙasa, sai ya ɗau kuka sa'an nan ƙarfin yake zuwa gaba ɗaya. Saboda haka mahayinsa kullum yatsunsa biyu suna kan kuloci.

Haɗarin yana ga zafi. Iska ce take sanyaya waɗannan injuna, a cikin yashi kuwa inji yana ihu amma tafiya kaɗan ake yi, ga zafin watan Afrilu da yakan haura digiri 40. Na taɓa gani da idona a kan hanyar Kalmalo. Wani mai albasa ya ɗora buhu biyu, ya taso tun daga fadama bai tsaya ba, muna biye da shi sai muka ji kukan ya ɗauke kamar an yanka, ƙafar baya ta ja ƙasa. Fistin ya kumbura ya manne da bango. Da aka kwance aka duba, ɗan tankin tu-ti a bushe yake ƙayau, ya ba yaro kuɗin mai da safe, yaron ya sayi fetur kaɗai. Abin da Hausawa suke cewa a nan shi ne inji ya buga. Ga mai son wasa da harshe, mai bugu biyu ya yi na uku ke nan.

SAUYE-SAUYEN DA AKE YI MASA

Da wuya ka ga babur a Illela yadda kamfani ya ƙera shi. Wasu sauye-sauyen hikima ce tsantsa, wasu kuwa gyaran gangar auzinawa ne.

Na farko da kowa yake yi shi ne na kaya. A je wurin mai walda ya tsawaita kariya da rodi, a ƙara wa shokozoba ƙarfi ko a haɗa biyu-biyu, a sa wa ƙafar baya wayoyi masu kauri. Sa'an nan a canza faifan haƙoran da sarƙa take hawa a baya, a sa mai haƙora da yawa. Gudu zai ragu, amma ƙarfin ja zai ƙaru, abin da mai ɗaukar buhu cikin yashi yake bukata ke nan. Ban ga laifin wannan ba, in dai an tuna cewa burkin da aka yi domin mutum biyu shi ne zai tsayar da buhu uku.

Na biyu shi ne cire famfon mai a koma gaurayawa a tanki. Kanikawa suna da hujja: famfo yakan tsufa, wayarsa takan tsinke, iska takan shiga bututunsa, kuma ba ya sallama kafin ya daina aiki. Abin da ka zuba da hannunka kuwa ka san yana ciki. Hujja ce mai ƙarfi, amma tana da sharaɗi biyu da ba a cika faɗa wa mai babur ba. Ɗaya, in ana gangara doguwar gangara totur a rufe, fetur ba ya shiga, mai ma ba ya shiga, alhali inji yana juyawa. Biyu, yawan mai ba shi ne lafiya ba. Ƙaramar kafar da ke cikin kafireta adadi ɗaya take wucewa da shi, in mai ya yi yawa a ciki fetur ya ragu ke nan, inji ya ƙara zafi, filogi ya yi baƙi, zoben fistin ya cushe da gawayi. Mafi muni shi ne zuba baƙin man mota, wani ma wanda aka riga aka juye daga wata motar, a maimakon tu-ti. Ba a yi shi don ya ƙone ba, toka yake bari.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni takaici, watau taɓa salansa. Samari sukan fasa ta su zare abin da ke ciki, ko su yanke ta su sa miƙaƙƙen bututu, wai don babur ya yi numfashi. A mai bugu huɗu wannan ƙara kawai yake jawowa. A mai bugu biyu kuwa salansa rabin inji ce. Mai karatu ya lura da cikin nan da ta yi kamar tulu kafin ta tsuke a ƙarshe. Ba ado ba ne. Lokacin da hayaƙi ya fito da ƙarfi, faɗin da bututun ya yi yakan taimaka ya zuƙo ragowarsa waje, sa'an nan in ya kai inda aka tsuke, sai wani matsi ya dawo baya kamar amsa-kuwwa, ya mayar da sabon fetur ɗin da ya fara tserewa cikin tukunya daidai lokacin da fistin zai rufe kafa. Wani injiniya na kamfanin MZ a Jamus ta Gabas, Walter Kaaden, shi ya gwanance wannan dabara cikin shekarun 1950. A 1961 mahayinsa Ernst Degner ya tsere zuwa Yamma ya koma Suzuki, shekarar da ta biyo baya ya ci musu gasar duniya ta ƙananan babura. Abin da ƙasashe suka yi ta leƙen asirin juna a kansa, shi yaro yake yankewa da zarto a bayan tasha. Abin da salansa take bukata shi ne a kwance ta lokaci-lokaci a ƙone gawayin da ya taru a ciki, a kakkaɓe.

Haka nan cire soson da yake tace iska. Da hunturu, lokacin da ƙura take rufe rana, soson yakan toshe cikin 'yan kwanaki, babur ya riƙa shaƙewa. Maimakon a wanke shi a shafa masa ɗan mai a mayar, sai a jefar. Ƙurar da ta shiga ba tukunya kaɗai take zuwa ba, sai ta bi ta akwatin ƙasa tukuna, ta haɗu da mai ta zama kamar garin wasa wuƙa. Daga nan sai zuwa wurin mai injin gundura, a faɗaɗa tukunya a sa fistin mafi girma. Mataki-mataki ake yi, daga rubu'in milimita zuwa rabi, har milimita guda. In an ƙure, sai sabuwar tukunya.

Gwanin bakanike ba ya bukatar na'ura kafin ya san halin da inji yake ciki. Filogi yake kwancewa ya duba bakinsa. In ya yi ruwan ƙasa, lafiya. In ya yi baƙi da danshi, mai ko fetur ya yi yawa. In ya yi fari fat, a kashe inji, gobara tana tafe.

HARSHEN GAREJI

A nan iyaka takan fito fili a bakin mutane. Abin da bakaniken Illela yake kira filogi, na Ƙonni buji yake ce masa. Wannan ya ce fetur, wancan ya ce isansi. Wannan ya ce kwastan, wancan ya ce duwan. Fetur da aka riga aka gauraya da mai kuwa, wanda gidajen mai na ƙasashen renon Faransa suka saba sayarwa domin Mobylette, sunansa melanji. Yaran gareji na garuruwan biyu duka suna ji, suna kuma zaɓen wadda za su faɗa gwargwadon kuɗin da suka ga mai babur zai biya da su, naira ko sefa. Ita kanta kalmar kabu-kabu a kudancin Nijeriya motar haya marar rajista take nufi, a Sakkwato da Nijar kuwa babur, abin da Kanawa suke kira acaɓa. Ga fili nan ga duk ɗalibin da yake neman abin da zai rubuta kundin digiri a kansa.

FETUR DA IYAKA

Mun ce wannan inji yana zubar da wani kaso na abin da ya sha. Muddin fetur yana da araha ba wanda ya damu. Shekaru da dama kuwa tallafin gwamnatin Nijeriya ya sa farashinsa a nan ya yi ƙasa ƙwarai da na Nijar, har ɗaukar jarkoki zuwa tsallake ya zama sana'ar da ba a ɓoye take ba, kuma babur ne jakinta. Watau fetur mai araha shi ya ciyar da injin, shi ya kuma ba shi aikin yi.

Abubuwa suka taru suka juya. A Turai da Indiya dokokin hayaƙi suka matsa, kamfanoni suka rage ƙera masu bugu biyu na kan hanya. Cikin shekarun 2000 Bajaj Boxer ta Indiya, mai bugu huɗu, ta shigo kasuwa, ba ta bukatar tu-ti, ga ta da tsimin mai, 'yan kabu-kabu suka yi lissafi suka koma kanta. A watan Agusta na 2019 aka sake rufe iyaka, a Nuwamba kuma hukumar kwastan ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka, Illela kuwa tana ciki tsundum. Sai a Disamba na 2020 aka buɗe, Illela tana cikin iyakoki huɗu na farko. A 2021 matsalar 'yan bindiga, waɗanda su ma babur ne abin hawansu, ta sa gwamnatin Jihar Sakkwato ta kafa dokoki a kan goyon mutum uku da sayar da fetur a jarka, mai gaskiya ya sha wuya tare da marar gaskiya. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000. Juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 ya sake jawo rufe iyaka har zuwa Maris na 2024.

A irin wannan farashi, babur mai zubar da rubu'in abin da ya sha, kuma a saya masa tu-ti daban, ba na ɗan kabu-kabu ba ne. Waɗanda suka riƙe shi yanzu su ne waɗanda hanyarsu ba ta da makawa: dillalin da yake bin rugage, da mai lambu a ƙuryar fadama, da 'yan tsirarun masu sha'awa da suke wanke DT ɗinsu ran Juma'a kamar doki. Kayan gyara na asali sun yi wuya, sai kwaikwayo, ko kuwa a sayi mataccen babur a riƙa cirar sassansa ana raya wani. Kanikawan da suke iya saita kafireta da kunne galibi sun manyanta, yaran da ke gabansu kuwa a kan Boxer suka buɗe ido. Na tambayi wani dattijo daga cikinsu, a wata rumfa kusa da karar shanu, ko yana koya wa yaransa aikin mai tu-ti. Ya ce yana koya wa wanda ya tsaya, amma a wata guda bai fi a kawo masa uku ko huɗu ba, kuma biyu daga ciki nasa ne.